TSARE NA'URORIN GIDA DA NA SHAGO: YADDA ZA A YI TARAYYA DA FAYIL DA FIRINTA BA TARE DA AN BAR ƘOFA A BUƊE BA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta da masu ƙananan sana'o'i waɗanda suke da kwamfuta biyu ko uku, da firinta guda, da wayoyin hannu, duka kuwa suna jone da akwatin nan mai rarraba intanet wanda ake kira rauta. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, irin wannan haɗi ya yi ta yaɗuwa daga ofisoshi zuwa gidaje da kasuwanni. Amfaninsa a fili yake: firinta ɗaya ta ishi kowa, kuma takardar da aka rubuta a wannan kwamfuta ana iya buɗe ta a waccan ba sai an yi ta yawo da filashi ba. Amma hanyar da ɗan gida yake bi ya kai ga takarda, ita ce ɓarawo zai bi in an bar ta ba tsaro. Nufinmu shi ne mu nuna yadda za a ci gaba da tarayyar, a kuma san wanda yake ciki da wanda ya kamata ya tsaya a waje.

Domin magana ta fito sosai, bari mu ɗauki misali daga Minna, babban birnin Jihar Neja. Minna gari ne mai yawan hulɗa da takarda, gama a nan hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a 1999, a nan kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun 1983. A ɗauka wani mutum yana da shagon buga takardu da fotokofi a Kasuwar Kure, watau kasuwar da aka sa wa sunan marigayi Injiniya Abdulkadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Kwamfuta ɗaya tana gaba inda yaron shago yake zama. Wata tana ciki, a kanta mai shago yake ajiye lissafinsa, da ita kuma yake shiga asusunsa na banki. Akwai firinta, akwai babbar na'urar fotokofi ta hannu, akwai rauta a rataye jikin bango. Masu zuwa bugu suna turo takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, da sakamakon jarrabawa, da takardar haihuwa, da hoton fasfo. Maƙwabcinsa mai sayar da atamfa ya roƙi kalmar sirrin wayfay, kunya ta hana a hana shi, shi kuma ya ba ɗansa, ɗan ya ba abokansa. Abin da za a faɗa game da wannan shago, shi ne za a faɗa game da gidan da maigida da uwargida da yara suke tarayya da firinta guda.

RAUTA ITA CE ƘOFAR GIDA

Kowace na'ura da ta hau rauta, rautar tana ba ta lamba ta cikin gida, galibi mai farawa da 192.168, kuma da wannan lamba na'urorin suke gane juna. Mutanen waje ba su ganin waɗannan lambobi. In wani daga can nesa ya aiko da saƙon da ba wanda ya nema daga ciki, rauta ba ta san wanda za ta miƙa wa ba, sai ta yar. Wannan kariya ce mai kyau, kuma ana samun ta kyauta tun ran da aka sayi akwatin.

Sai dai a lura, kariyar tana duban waje ne kawai. Duk wanda ya sami kalmar sirrin wayfay ya riga ya wuce ƙofa, yana tsakar gida. Wayarsa tana iya ganin firinta, tana iya ganin jakar fayilolin da aka buɗe domin tarayya, tana kuma iya kai wa ga shafin da ake sarrafa rautar kanta. Ba sai shi mugu ne ba. Yana yiwuwa mutumin kirki ne, amma wayarsa ko laftof ɗinsa ta ɗauko wata muguwar manhaja a wani wuri bai sani ba, ita kuwa manhajar ba ta san kunya ko maƙwabtaka ba.

MAKULLAI BIYU NE, BA ƊAYA BA

Yawancin mutane makulli ɗaya suka sani, watau kalmar da ake bugawa a hau wayfay. Akwai na biyu wanda ya fi shi muhimmanci, shi ne kalmar shiga shafin sarrafa rauta. Ana kai wa ga shafin ne ta buga wata lamba a burauza, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma akan rubuta ta a ƙarƙashin akwatin. Rauta da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar "admin" a matsayin suna, "admin" kuma a matsayin kalmar sirri. Wanda ya shiga wannan shafi yana iya canza kome, har ya karkatar da mai gida zuwa shafin banki na jabu ba tare da ya lura ba.

Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kurum. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta yi ta zagaya intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri wajen 60 irin waɗanda masana'antu suke sakawa. Da wannan ɗan jeri kaɗai ta mallake dubban ɗaruruwan rauta da kyamarorin tsaro, aka yi amfani da su ran 21 ga Oktoba na shekarar aka kai wa kamfanin Dyn hari, har jama'a a sassan Amurka suka kasa shiga Twitter da Netflix na sa'o'i. Masu na'urorin ba su san an yi yaƙi da kayansu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce kalmar da ba a canza ba.

Saboda haka aikin farko shi ne a canza makullan nan biyu, kuma kada su zama iri ɗaya. Kada a sa lambar waya, domin ga ta can rubuce a allon shago kowa yana karantawa. Kada a sa sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko sunan shagon. Wayfay tana karɓar kalma daga harafi 8 har zuwa 63, to, me zai sa a tsaya a takwas? A haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakani. Irin wannan tana da sauƙin riƙewa a ka, tana da wuyar cinta. In ana tsoron mantuwa a rubuta a littafi a kulle a durowa, amma ban da liƙawa a jikin rauta.

A cikin shafin nan har wa yau akwai wurin zaɓen irin kullen wayfay. Na farko da aka yi, WEP, masana sun nuna rauninsa tun 2001, yanzu kuwa ana fasa shi cikin mintoci. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in na'urorin gida suna ɗaukarsa. Rautar da ba ta san kome ba sai WEP, lokacin ritayarta ya yi.

Akwai kuma wani abu mai suna WPS da aka yi domin sauƙaƙa haɗa firinta, ko ta danna maɓalli, ko ta buga lamba mai alƙaluma 8. A Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya bayyana cewa rauta tana duba lambar nan rabi-rabi ne, alƙalami na ƙarshe kuma na tantancewa ne kawai. Ke nan maimakon gwaji miliyoyi, gwaji 11,000 ya isa a gano ta, daga nan kuma kalmar sirrin wayfay ta fito kome tsawonta. A kashe WPS. A kashe kuma damar sarrafa rauta daga nesa, da abin nan da ake kira UPnP wanda yake barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa waje ba ta tambayi kowa ba.

BAƘO A ZAURE

Mun san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya dubi maƙwabcinsa, ko surukinsa da ya zo ziyara, ya ce ba zai ba shi wayfay ba. Ba ma cewa a hana. Magabatanmu da suka gina gida da zaure sun warware wannan matsala tuntuni: ana karɓar baƙo da mutunci, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, amma ba ya wucewa cikin gida, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi.

Rauta da yawa suna da irin wannan zaure, watau wayfay ta baƙi, mai sunanta dabam da kalmar sirrinta dabam. Wanda ya hau ta yana samun intanet, amma ba ya ganin kwamfuta ko firinta ko shafin sarrafa rauta, muddin ba a kunna zaɓin da yake ba baƙi izinin shiga haɗin cikin gida ba. Mai shagonmu na Kasuwar Kure sai ya ba maƙwabta da masu zuwa bugu wannan, ya riƙa canza kalmarta kowane wata, ta cikin gida kuwa ta tsaya tsakaninsa da na'urorin aikinsa. Kyamarar tsaro da talabijin mai intanet su ma zaure ya fi dacewa da su, domin ba safai ake sabunta manhajarsu ba. In ƙaramar mifi ce wadda ba ta da sashen baƙi, gara a kunna wa baƙo intanet daga wayar hannu na ɗan lokaci.

Akwai wani dalili kuma. Tun Disamba 2020 aka umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi. Layin da yake cikin rauta sunan mai gida yake ɗauke da shi. In wani ya hau wayfay ɗin ya yi zamba, sawun da masu bincike za su fara bi ƙofar mai layin zai kawo su, shi ne kuma zai yi ta bayani.

TARAYYA DA FAYIL

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma yawanci gaggawa ce take jawo shi. An kira mai gyara ya haɗa kwamfutoci biyu, yana sauri, sai ya buɗe faifan kwamfutar gaba ɗaya, ya ba "kowa da kowa" izinin karantawa da canzawa da gogewa, ya kashe tambayar kalmar sirri domin kada a sake kiransa. Aiki ya yi, an biya shi, ya tafi. Daga ran nan lissafin mai shago da hotunan iyalinsa suna shimfiɗe ga duk wanda ya hau wayfay.

Hanyar da ta dace ba ta fi wannan wuya ba. A buɗe jaka guda ɗaya tak domin tarayya, a sa mata suna, abin da ake so a raba kaɗai za a jefa ciki. A bar tambayar kalmar sirri a kunne. Kowane mai amfani da kwamfuta a buɗe masa asusunsa, yaron shago da yaran gida kuwa a ba su asusu na talaka wanda ba ya iya saka sabuwar manhaja, asusun shugaba ya zauna a hannun mai gida. Sa'an nan a bambanta izini: wanda aikinsa ya buɗe takarda ya buga, izinin karantawa ya ishe shi, ba ya bukatar na canzawa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Muguwar manhaja tana aiki ne da izinin wanda ta kama, in izininsa kaɗan ne ɓarnarta kaɗan ce.

Windows takan tambaya, sa'ad da aka hau sabuwar wayfay, ko ana so sauran na'urori su ga kwamfutar. A gida ko a haɗin cikin shago a amsa da i. A otal, ko tashar mota, ko makaranta, lalle a amsa da a'a, domin laftof ɗin da take raba jaka a gida kada ta je ta ci gaba da rabawa a bainar jama'a.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya faru ran Jumma'a 12 ga Mayu 2017. A ran nan wata manhajar garkuwa da fayil mai suna WannaCry ta bazu, ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Takan kulle fayilolin mutum ta nemi fansar dala 300. A Ingila asibitoci sun soke ganin marasa lafiya saboda ita. Hanyar da ta bi ita ce tsohuwar ƙa'idar raba fayil ta Windows, wadda ake kira SMB1, kuma da ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta tsallaka sauran na cikin haɗin da kanta, ba sai wani ya danna kome ba. Abin takaici shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan rauni tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa, galibinsu ba su saka gyaran ba ne.

Wannan labari ya shafi kasuwanninmu kai tsaye ta fuska biyu. Ta farko, tun ƙarshen 2017 Microsoft ya fara daina saka SMB1 a sababbin Windows, amma tsofaffin na'urorin fotokofi na hannu da yawa ba su san wata hanyar tura takardar da suka ɗauki hotonta zuwa kwamfuta ba sai ita. Sai mai gyara ya sake kunna ta domin aiki ya tafi. In na'urar tana da sabuwar manhaja daga masana'anta, a saka mata. In babu, a riƙa ɗaukar hoton takardar zuwa filashi, ko a keɓe mata kwamfuta guda wadda ba a shiga banki da ita, ba a kuma ajiye kome mai daraja a kanta.

Ta biyu, mutane da yawa suna kashe sabunta Windows domin tsimin data. Tsimin da zai jawo asarar aikin shekaru ba tsimi ba ne, ga shi kuma wasu kamfanonin waya suna sayar da data da rahusa da dare. Sai dai akwai kwamfutocin da gyara ya daina zuwa musu ɗungum: Windows XP tun Afrilu 2014, Windows 7 tun Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin lokaci. Irin waɗannan in tilas ne a ci gaba da aiki da su, a cire su daga intanet.

FIRINTA MA KWAMFUTA CE

Firintar zamani tana da ƙwaƙwalwa, tana da shafin sarrafawa, tana da kalmar sirrinta wadda kusan ba mai canzawa. Wasu suna watsa wayfay tasu ta kansu domin a buga daga waya kai tsaye, kuma a kan da yawa daga cikinsu kalmar da suke zuwa da ita 12345678 ce. A canza ta, ko a kashe in ba a amfani da ita. A ƙarshen Nuwamba 2018 wani ya sa firinta wajen 50,000 a ƙasashe dabam-dabam suka buga takardar tallan wani mai shirye-shirye a YouTube, ba don ya iya wani sihiri ba, sai don an bar su a buɗe ga intanet. Firintar gida ba ta da abin yi da mutanen waje. In kwamfuta ɗaya ce take bugu, igiya ta fi kome kwanciyar rai.

Manyan na'urorin fotokofi kuwa da yawa suna da faifai a ciki mai riƙe hoton takardun da suka wuce ta kansu. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin na'urori huɗu, aka buɗe faifansu aka tarar da takardun 'yan sanda da bayanan marasa lafiya. Mai niyyar sayar da tasa, ya sa a goge faifan tukuna.

TAKARDUN MUTANE AMANA NE

Wanda ya kawo takardar NIN a buga masa, bugu ya biya, bai ba da ajiya ba. Amma a shaguna da yawa takardun nan suna nan jibge a kwamfuta da cikin WhatsApp na yaron shago shekara da shekaru. Suna da hoto da ranar haihuwa da lamba sukan taimaki ɗan damfara ya yi sojan gona da sunan wani. A mai da shi al'ada, kowace yamma kafin a rufe shago a goge takardun masu bugu, a kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2023, ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce in bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita kuma ta tanadi hukunci ga mai kutsawa kwamfutar wani da nufin zamba.

Nasa fayilolin kuwa, mai gida ya riƙa kwafe su a wani faifai na waje kowane mako, in ya gama ya zare shi ya ajiye a wani wuri, mai shago ya tafi da nasa gida. Faifan da aka bari a jone, manhajar garkuwa tana kulle shi tare da sauran. Filashin da baƙo ya kawo kuma a kwamfutar gaba za a soka shi, a bar manhajar kashe ƙwayar cuta ta duba shi kafin a buɗe.

IN AN GA ALAMAR ƁARNA

A shafin sarrafa rauta akwai jerin na'urorin da suke jone a lokacin. A riƙa dubawa, a ƙirga, in an ga baƙuwa a canza kalmar sirri nan take. Haka kuma duk ran da yaro ya bar aiki, ko ɗan haya ya tashi, ko aka karɓo kwamfuta daga wurin gyara.

In kuwa fayiloli suka ƙi buɗuwa, ko wani rubutu ya fito yana neman kuɗi, a zare igiyar haɗi a kashe wayfay ta wannan kwamfuta tun kafin abin ya tsallaka. Kada a soka faifan ajiya a jikinta. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar fayil. A yi amfani da wata na'ura mai lafiya a canza kalmomin sirrin banki da na imel, a kira banki a lambar da take bayan katin cirar kuɗi, ba lambar da wani ya turo ta saƙo ba. A mai da rauta yadda ta fito daga masana'anta ta danna ɗan maɓallin da yake bayanta, a sake saita ta da sababbin makullai. Sa'an nan a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko Cibiyar Yaƙi da Laifuffukan Intanet ta rundunar 'yan sanda da take Abuja. Ƙorafin da ya shafi layin waya ko kamfanin sadarwa, in kamfanin bai warware ba, ana kai shi ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta kiran lamba 622 kyauta.